Mota Ta Daina Mutuwa A Hanya, Ma'aikaci Ya Daina Kwana A Bakin Aiki

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan cikin shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 zai iya tuna irin shirin da mai mota kan yi idan tafiya ta kama shi daga Sakkwato zuwa Gummi ko Anka. Tun ana jibi zai kai ta gareji, bakanike ya saurari inji, ya wanke kafireta, ya goge fulogi, ya daidaita kwantak. Ranar tafiya kuwa sai but ɗin motar ya koma ƙaramin shago: galan na ruwa saboda lagireto, galan na baƙin mai, fanbel na ko-ta-kwana, tayar safaya, jak, famfo, da igiya mai ƙwari ko da za a kai ga ja. Iyali su bi shi da addu'a kamar mai tafiya fatauci Gwanja. Idan Allah Ya kai shi lafiya, ba ya tunanin juyowa a ranar, kai, ko a makon ma.

A yau jikan wannan mutumin yana da Corolla ko Honda 'yar Kwatano, wadda ta riga ta yi shekara goma tana yawo a titunan Turai ko Amurka kafin ta shigo hannunsa, amma duk da haka sai ya yi wata guda bai ɗaga bonet ba. Ya yi sallar Asuba a Gusau, ya murza makulli, da hantsi yana ofis a Anka, kafin La'asar ya kamo hanyar gida. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. A ganina ingancin mota ya taimaka ƙwarai wajen kwashe ma'aikata da masu hannu da shuni daga ƙananan garuruwanmu, ya tara su a gefen manyan birane, ba tare da wata gwamnati ta zauna ta tsara hakan ko ta auna abin da zai haifar ba. Yammacin Jihar Zamfara, wato ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, na daga cikin wuraren da suka fi ji a jikinsu.

Bari mu fara da ita motar, mu ga abin da ya canza a cikinta. Tsohuwar mota, ko da Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, tana da gaɓoɓi biyu masu yawan ciwo. Ta farko ita ce kafireta, mai gauraya fetur da iska, wadda ba ta shiri da ƙura, ga shi kuwa ƙasarmu ta hunturu ce da hanyar burji. Na biyu shi ne kwantak, ɗan ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa sau dubbai a cikin minti guda domin fulogi ya sami wutar kunna mai. Dole ya cinye, dole ya goce daga saiti. Daga shekarun 1970 kamfanoni suka fara maye gurbinsa da na'urar lantarki wadda babu abin da ke gogar wani a cikinta. A shekarun 1980 kuma injekta ta kori kafireta, aka ɗora wata 'yar kwamfuta tana auna iska da zafin inji, tana fesa daidai man da ake bukata. Daga 1996 doka ta wajabta wa duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa inda bakanike zai jona na'ura, motar ta faɗa masa da kanta inda ke mata ciwo. A haɗa da tayoyi marasa tub, da baƙin mai mai jure zafi, da ƙarfen bodi da aka shafe da sinadarin hana tsatsa.

Amma babban sauyin ya faru ne a yadda ake haɗa motar, kuma daga Japan ya fito. A 1950 wani Ba'amurke masanin ƙididdiga, W. Edwards Deming, ya je ya karantar da shugabannin masana'antun ƙasar cewa ana gina inganci ne tun a kan layin aiki, ba a jira sai kaya sun fito a zo ana tsince masu aibi. Kamfanin Toyota ya kai wannan tunani matuƙa, har ya ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya a tsayar da layi idan ya ga kuskure. Corolla ta fito a 1966, kuma ya zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Da Japanawa suka fara ƙwace kasuwa, sai dole ta sa sauran suka gyara. A ƙarshen shekarun 1960 matsakaicin shekarun motocin da ke kan titin Amurka bai wuce biyar da 'yan kai ba; a 2024 ya haura 12. A da ma agogon ƙirga tafiya gurbi biyar gare shi, da ya cika mil 99,999 sai ya koma sifiri, domin maƙeran ba su sa ran motar za ta wuce haka da yawa ba.

Kada a ce na zalunci Fijo. Ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara haɗa ta, kuma ta yi wa ma'aikatan da suka ci garaɓasar Udoji hidimar da ba za a manta ba. Kyawunta shi ne tana yawan ƙorafi, amma duk ƙorafin da ta yi ana iya kashe shi a gindin darbejiya da sufana da waya. Motar yau ba ta cika tsayawa ba, to amma ranar da kwamfutarta ta yi gardama a Ɗaki Takwas, sai dai a ja ta zuwa Gusau, a aika Ƙofar Ruwa a Kano a nemo kayan gyara. Mu ma kuma ba mu bar ta ta huta ba. Bakanike ya cire mata na'urar daidaita zafi wai ta ƙasar sanyi ce, wani ya fasa salansa ya kwashe abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi ya sayar, ga jabun kayan gyara, ga gurɓataccen mai irin wanda aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 ya lalata injuna a Legas da Abuja. Duk da wannan azaba, motar na tashi kowace safiya. Wannan kaɗai ya isa shaida.

Yadda ta iso hannun matsakaicin ma'aikaci ma labari ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari kowa sai gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Sai ƙofar tsofaffin motoci ta buɗe ta tashar ruwan Kwatano, wasu su biyo ta Gaya da Dosso su ɓullo ta Ƙonni ko Maraɗi. Da motocin nan irin na 1965 ne, da sun iso mana a matsayin gawa. Amma da yake maƙera sun riga sun koyi yin motar da za ta yi shekara ashirin, sai Bature ya ci rabin farko na rayuwarta, mu mu ci rabi na biyu a kan kuɗi kaɗan. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Ta haka malamin sakandare da akawun ƙaramar hukuma suka mallaki Golf da Hala da Henesi.

To, mene ne haɗin wannan da inda mutum ke gina gida? A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayanin cewa tun zamanin da, ɗan Adam kan yarda ya kashe kimanin sa'a guda a rana wajen zuwa da dawowa daga neman abinci, don haka faɗin gari yakan bi saurin abin hawan mutanensa. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita biyar a sa'a, shi ya sa tsofaffin birane ba su cika wuce wannan faɗin ba. A dubi birnin Kano na cikin ganuwa: maƙeri da marini da ɗan koli duk suna iya isa kasuwar Kurmi da ƙafa, su dawo gida cin abinci, attajiri kuma katangarsa na jingine da ta talaka, masallacinsu ɗaya, maƙabartarsu ɗaya. Haka Anka take, haka Gummi. Da abin hawa ya ƙara sauri, ba lokacin tafiya mutane suka rage ba, nisa suka ƙara.

Amurka ce ta fara gwada wannan a kan sikeli babba. Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, ya kafa layin haɗawa mai tafiya a 1913, farashinta ya faɗo daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, har ya sayar da miliyan 15 kafin ya daina yin ta a 1927. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, wani kamfanin gini ya sayi gonakin dankali a wajen birnin New York ya shimfiɗa unguwar Levittown mai gidaje sama da 17,000, gwamnati kuma ta tsaya wa tsofaffin sojoji suka sami bashin sayen gida mai sauƙi. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tituna masu tsawon mil 41,000. Zuwa ƙidayar 1970, mazauna unguwannin bayan gari sun fi na cikin biranen yawa. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, gwamnati ce ta kai titi da ruwa da wuta da bashi, mota ta biyo baya. Na biyu, ba kowa aka tafi da shi ba: a farkon Levittown ba a sayar wa baƙar fata gida. Masu albashi suka fita da harajinsu, aka bar marasa galihu da tsofaffin makarantu. Detroit, hedikwatar ƙera mota ta duniya, tana da mutane kusan miliyan 1.85 a 1950, a 2020 ba su kai 640,000 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta tsiyace.

Mu namu salon ya sha bamban ta fuska guda: a nan mota ce ke yin gaba, gwamnati ta biyo baya, in ma ta biyo. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin wanda Trevallion ya zana mata daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya yi wa takardar fintinkau. Mai gona ya kira dillali, a yanka fegi da awon igiya, mai Golf ya saya ya gina, ya haƙa rijiya, ya sayi janareta, bayan shekara goma a fara kai kuka gidan rediyo ana neman titi da magudanar ruwa. Ta haka Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Na'ibawa da Hotoro da Mariri da Bachirawa suka cika, gonakin da ke ciyar da birnin suka koma bulo. Wanda ba shi da mota ya bi su a kan acaɓa, bayan an hana shi ɗaukar fasinja a 2013 kuma ya koma A Daidaita Sahu. Abuja ma da aka zana ta da rula, tun da aka tare a cikinta a watan Disambar 1991 ƙananan ma'aikatanta a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja suke kwana. Da gwamnatin Obasanjo ta zo da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, aka sayar da gidaje da motocin gwamnati, sai aka tabbatar wa ma'aikaci cewa inda zai kwana da yadda zai zo aiki matsalarsa ce.

Gusau ta bi wannan sawun a makare amma da sauri. Jirgin ƙasa ne ya fara ɗaga ta a 1929, lokacin da layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta, gyaɗa da auduga suka mayar da ita cibiyar ciniki, ta sha gaban tsofaffin garuruwan sarauta irin su Anka. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 ta zama hedikwatar sabuwar jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, fegi ya yi daraja, gari ya miƙe ta Samaru da Damba da Mareri da bakin hanyar Zariya, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2013.

Nan ne maganar ta iso yammacin Zamfara, kuma nan ne kwatancen da Amurka ya ɗauki wata siffa ta daban. Can mutum yana aiki a babban birni, yana kwana a ƙaramar unguwa. Mu a nan sai abin ya juye: mutum yana karɓar albashi da sunan ƙaramin gari, yana kwana a babban birni. Unguwar bayan garin Anka, in ana maganar manyan ma'aikatanta, ita ce Gusau, kimanin kilomita ɗari daga sakatariya. Ta Gummi kuwa an raba ta tsakanin Gusau da Sakkwato, wadda ta fi kusa da ita.

A zamanin En'e, har zuwa bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda aka tura gari to ya zama ɗan garin har sai an ɗauke shi. Ba don ya fi na yau kishin ƙasa ba; hanya ce da mota ba su ba shi zaɓi ba, gwamnati kuma ta tanadar masa kwatas. Hedimasta da malamin asibiti da malamin gona da alƙali suna nan dare da rana. Matar hedimasta a kasuwar garin take cefane, ɗansa a firamaren garin yake karatu, saboda haka idan rufin aji ya yaye shi ne farkon mai jin zafi. Idan naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yaron ƙauye kuma yana tashi yana ganin mutumin da boko ya yi wa rana, yana gaishe shi a masallaci.

Yau fa? Sanin kowa ne cewa a jihohin Arewa da dama sakatariyar ƙaramar hukuma takan cika ne a 'yan kwanakin da kason wata ya shigo, kuma gwamnoni daban-daban sun sha ba shugabannin ƙananan hukumomi umurnin su koma su zauna a garuruwansu, wanda yawan maimaita shi kaɗai ya nuna ba a bin sa. Albashin da aka biya da sunan Bukkuyum a Gusau ake cin sa: can ne kuɗin haya, can ne kuɗin makarantar yara, can tela da mai nama da mai kemis suke amfana. Makon aiki ya tsuke, a zo Litinin da rana, a ɓace Alhamis. Mutumin da ɗansa ba ya makarantar garin, matarsa ba ta awo a asibitin garin, ba ya shan ruwan garin, da wuya lalacewar waɗannan abubuwa ta hana shi barci, komai kyawun zuciyarsa. Hausawa sun ce idan kana son sanin zafin wuta, tambayi wanda ke kusa da murhu, mu kuwa mun ba masu riƙe da ludayin damar zama nesa da shi.

Abin da ya faru a 2010 ya kamata ya zame mana izina. A farkon shekarar yara ƙanana suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Duza da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sakamakon gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Ayarin Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, waɗanda suka shigo yankin a watan Maris suna bibiyar cutar sanƙarau, su ne suka fara ankarar da duniya, bayan sun ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan bakwai, Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare ta. Ba na cewa zaman ma'aikata a Gusau ne ya kawo gubar. Tambayata ita ce, yaya aka yi yara suka yi ta mutuwa makonni a ƙasar da ke da sassan lafiya da jami'ai da motocin aiki, amma sai baƙi daga wata nahiya ne suka fara ƙirga kaburbura? Irin wannan labari a bakin masallaci da wurin zaman makoki ake jin sa, ba ya zuwa cikin fayil. Kuma ingancin Corolla bai amfana wa uwar da ke Duza komai ba, domin daga inda kwalta ta ƙare, musamman da damina, sai babur.

Na san abin da ma'aikaci zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce, malam, kana so in kai iyalina inda ake ɗaukar mutane a gona da kan hanya? A watan Fabrairun 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Janairun 2022 an yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan gilla, gwamnati ta ce mutum 58, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Babu mai hankalin da zai zargi ungozoma ko malamin makaranta don ya nemi inda zai kwana da ido biyu rufe. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ƙaurar ta girmi ta'addancin. An fara ta tun ana tafiya Gummi da tsakar dare ba fargaba, saboda neman wutar lantarki da makarantar kuɗi da zama kusa da gwamna. 'Yan bindiga sun tarar da garuruwan da manyansu suka riga suka saba kwana a wani wuri, wato garuruwan da kukansu ba ya saurin isa inda ake yanke hukunci.

Akwai kuma wani abin takaici. Ingancin inji bai san mutumin kirki ba, bai san ɓarawo ba. Babur ɗin nan na Indiya da Sin da Japan, mai shan mai kaɗan, mai ɗaukar mutum uku ya yini a daji bai yi tari ba, shi ne ya sauƙaƙa wa manomi kai amfanin gona kasuwa, shi ne kuma dokin yaƙin ɗan bindiga. Shi ya sa matakan gwamnati suka riƙa faɗawa a kan zirga-zirga. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. A watan Oktobar 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta sanar da kulle ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, ta rufe wasu hanyoyi, ciki har da wadda ta tashi daga Mayanci ta bi Ɗaki Takwas zuwa Gummi. A irin waɗannan ranaku, duk ma'aikacin da ke Gusau to yana Gusau, garin da ya dogara da shi kuwa sai abin da hali ya yi. A daidai wannan lokaci gefen garin Anka na ta cika da wasu sababbin mazauna, waɗanda suka iso da ƙafa da jakuna daga ƙauyukan da aka ƙone, har suka kafa bukkoki a filin da aka fara ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara. Mai albashi na fita a mota, mai gudun hijira na shigowa a ƙasa, nauyin garin na ƙaruwa, masu ɗaukarsa na raguwa.

Shi ma wanda ya gina a gefen birni bai tsira ba. Lissafinsa gaba ɗaya a kan mai mai araha ya ɗora shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa haura 1,000. Motoci da yawa suka koma ado a ƙofar gida, lafiyarsu ƙalau, masu su na rububin kujera a tasha. Wanda ke zuwa bakin aiki sau huɗu a mako ya mayar da shi sau biyu. Ta fuskar tsaro kuma, unguwar da aka yanka a gona babu ofishin 'yan sanda, babu fitila, bayanta daji, ita ce ta fi sauƙin shiga. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumbar 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su.

Ba ina kira a koma zamanin kwantak da kafireta ba ne, kuma umurnin baka na cewa kowa ya koma garinsa an gwada shi ya fi a ƙirga. Akwai ayyukan da za a iya yi daga nesa, akawu na iya zuwa ya koma. Amma akwai waɗanda aikinsu na dare ne: likita, ungozoma, baturen 'yan sanda, shugaban makarantar kwana, da shi kansa shugaban ƙaramar hukuma. Waɗannan ya kamata zama a gari ya shiga cikin sharuɗɗan aikinsu a rubuce, kuma kafin a tilasta musu a ba su abin da aka ba magabatansu: kwatas mai katanga a kusa da jami'an tsaro, da ruwa, da wutar sola, da alawus na zaman karkara wanda zai kai a ji shi a aljihu. A fifita 'yan asalin yankin wajen ɗaukar ma'aikatan lafiya da malamai, a ɗauki nauyin karatunsu bisa yarjejeniyar za su yi wasu shekaru a gida. Hanyar Anka zuwa Bagega da ire-irenta, waɗanda ke haɗa ƙauye da asibiti, sun fi wata gadar sama a babban birni amfani ga rai. A Gusau kuma, hukumar tsara birni ta riga dillali isa gona, ta fitar da titi da filin makaranta da na asibiti da tashar bas kafin a kafa fegi na farko, domin iyalin da ba su da mota su ma su iya zama a wurin.

Batun kuɗi ba zai zama uzuri ba har abada. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, duk da cewa aiwatar da shi ya yi ta tafiyar hawainiya. Ko ta wace hanya kuɗin suka iso, ina ba ƙungiyoyin ci gaban Anka da Bukkuyum da Gummi shawara, su da 'yan bokonsu da ke zaune a Gusau da Kaduna da Abuja, su nemi kundin kasafin kowace shekara su duba layi biyu: nawa aka ware don sayen sababbin motocin shugabanni da kansiloli, nawa kuma aka ware don gyaran gidajen likita da ungozoma da malamai. Kuɗin Hilux guda ɗaya a farashin yau ya isa ya rufe kwatas fiye da ɗaya, ya sa musu ƙofa da sola da rijiyar burtsatse.